Murmushin da Ba Nasa Ba

Nomau, yayana, mai bakin da ba ya hutu,
wanda in ya buɗe hira a bakin lambu
har jakin Ɗan Lele kan daina tuƙa ya saurara,
shi ne wata Laraba a Jiratawa
ya taka guntun waya cikin takin awaki.

Ɗigo biyu na jini. Ko tsaki bai yi ba.
Ya barbaɗa toka, ya ɗaure da tsumma,
ya koma ban ruwan zogale.
Kafin Juma'a rauni ya rufe bakinsa,
muka ce an wuce wurin.

Kwana tara.
Tsahara ta miƙo koko da safe,
ludayi ya tsaya a haƙora
kamar baƙo a ƙofar da aka sa wa sakata.
Wuya ya sandare. Leɓe ya ja baya.
Yana murmushi, idonsa na hawaye.
Ƙyauren kwano ya buga,
sai bayansa ya tanƙware kamar baka,
ƙeya da diddige kaɗai ke taɓa tabarma.

Masu cewa iska ce suka ce,
masu hayaƙi suka kawo garwashi.
Ni na tare mota zuwa Maradi,
kowane rami a hanya, jikinsa ya amsa.

Majo Hadiza ba ta tambayi aljani ba.
Ta ce: ina ya ji ciwo?
Muka ce babu. Ta juya tafin ƙafa.

Sarƙe-haƙora ne, in ji ta,
kuma ku bar zargin tsatsa ita kaɗai.
Irin cutar cikin ƙasa yake kwance, cikin kashin dabba,
shekaru yana barci kamar ƙwayar gero a rumbu.
Rami mai zurfi yake so, inda iska ba ta shiga.
Can yake tsira, ya aika dafi ta jijiya,
ya ce wa nama: ƙulle, kada ka saki.

Suka buɗe raunin da muka yi murnar rufewarsa,
suka wanke, suka kankare.
Allura ɗaya ta tare dafin da ke yawo,
wata ta bi ƙwayar har gida,
wata ta lallashi jiki ya kwanta.
Kunu ta siririn tiyo, ta hanci.
Ɗaki mai duhu. Takalmi a waje.
Ni da na girma cikin surutunsa
na koyi tari a cikin hannun riga.

Abin da ya fi ci mini rai,
yana ji. Duk yana ji.
Hankalinsa na zaune a ciki
kamar mai gida da aka kulle da nasa makulli.

Mako huɗu da kwana biyu.
Wata asuba na ji: wa ke ba zogalena ruwa?
Murya kamar tsohuwar guga,
amma ban taɓa jin kiɗan da ya kai ta ba.

Ranar sallama Majo ta riƙe hannunsa:
wannan ciwo ba ya barin garkuwa,
wanda ya sha shi yana iya sake sha.
Sai ta yi masa rigakafi,
ta rubuta ranar dawowa a karne.
Ta dubi cikin Tsahara, wata shida:
ke ma miƙo dantse, allurarki ta mutum biyu ce.
In kin sauka, sabuwar reza,
kada toka ko kashin shanu su kusanci cibiya.

Yanzu akwai sabulu a kan bututun lambu,
ƙulle cikin leda, kusa da buta.
Ko ƙaya ta soki yaro,
Nomau ya wanke, ya tambayi karne, ya tura shi likita,
sannan ya tsare uwar yaron da labari
tun daga waya har ludayi.

Mutane sun ce ya fi da surutu.
Ku ƙyale shi.
Na san yadda shirunsa yake.